Baƙo raɓa ne, ban da wannan

Jirgin ƙasan da ke zuwa Warso, babban birnin Polan, ya tashi daga Berlin da sanyin safiya, ranar 30 ga Yuli. Na samu kujera ta jikin taga, na ɗora 'yar jakata a cinya kamar mai zuwa ƙauye yawon sallah. Babu wani kayan kirki a ciki: tufafi kala biyu, sallaya, ƙullin dabino, sai ƙaramar rediyona Kchibo da ba na kwana a wani gari ba tare da ita ba. Hutun kwana biyar aka ba mu a wurin kwas, abokan karatu duk sun watse, wasu Faris, wasu Rum. Da na ce musu ni Polan na nufa, zan bi sawun wani Bature ɗan Ingila da ya mutu tun 1995, ɗayansu ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ko bashi kake bin sa?"

Sana'a ce ta ja ni. Shekara goma sha tara ina aikin injiniya a gidan rediyo, irin mutanen nan da ba a tunawa da su sai tasha ta ɗauke. Wata rana ina karanta tarihin tsofaffin na'urorin watsa shirye-shirye na ci karo da wata da aka harhaɗa a ɓoye a Polan lokacin Yaƙin Hitila, ana kiran ta Błyskawica, wato Walƙiya. A cikin masu magana ta bakinta da Turancin Ingilishi na ga sunan John Ward, sojan saman Birtaniya. Me ya kai ɗan Birmingham cikin 'yan gwagwarmayar Warso? Tambayar nan ta zauna mini a rai kamar tsakuwa a takalmi.

Bayan awa ɗaya da 'yan mintuna muka haye kogin Oder, muka shiga Polan. Daga nan ƙasa ta shimfiɗe, ba dutse ba tudu, gonakin alkama an fara girbi, dunƙulen tattaka a jere, can kuma kurmin itatuwa masu tsawo siri-siri. Na ga shamuwa tsaye a gona, fara ce ba irin tamu ba, amma tafiyar ƙasaitar ɗaya ce.

An haifi Ward a watan Disamba na 1918. Ya shiga rundunar sojan sama a 1937, aikinsa a jirgi biyu ne: kula da wayar iska da riƙe bindigar baya. Jirgin da yake ciki, Fairey Battle, mai injin ɗaya ne da mutum uku, kuma tun kafin a fara yaƙi zamani ya riga ya wuce shi: ga nauyin jiki, ga ƙarancin bindiga. Ranar 10 ga Mayu 1940, ranar da Jamus ta auka wa Faransa da maƙwabtanta, an tura irinsa 32 su tare ayarin Jamusawa, 13 ba su dawo ba. Na Ward yana cikinsu. Yana da shekara 21 aka kama shi, aka yi ta yawo da shi daga wannan sansanin fursunoni zuwa wancan, har aka kai shi aikin ƙarfi kusa da Leszno, a yammacin Polan. A watan Afrilu na 1941 ya gudu.

Leszno tana kudu da Poznań, kuma da jirginmu ya tsaya a Poznań sai na ga kallon tagar ya canza mini. Ɗazu sha'awa nake yi, yanzu lissafi. Ƙasa ce da ba ta da wurin ɓuya. Mutum na iya hango ka daga nisan da za ka yi rabin awa kana tafiya. A watan Afrilu ba shuka da ta kai gwiwa, ga sanyi, ga shi ba ya jin yaren mutanen da zai roƙa ruwa. An ma taɓa cafke shi a hanya ya sake kuɓucewa. Haka ya yi ta nausawa gabas har Sieradz, inda wani limamin coci ya haɗa shi da 'yan ƙarƙashin ƙasa. Su suka miƙa shi Łódź, daga can Warso. Abin da ya ci masa makonni, ni na shafe shi ina cin dabino.

A tashar tsakiyar Warso ɗan maƙwabcinmu na Fagge ya tare ni. Karatun kwamfuta yake yi a can, shekararsa ta uku. Na san shi tun yana yawo da ɗan kamfai, yanzu ga gemu ya fito.

"Kawu, sannu da hanya. Wallahi da Baba ya ce za ka zo na zaci wasa ne. Wa yake zuwa Warso hutu?"

"Ɗana, ai ka ga wanda yake zuwa."

Muna fitowa wani shirgegen gini ya tare mana sama, mai tsini kamar hasumiya, Fadar Al'adu da Kimiyya. Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, shi ne ya ba su kyauta, aka gama shi a 1955. Yaron ya ce har yau mutanen gari ba su daidaita a kan ko su so shi ko su ƙi shi ba. A lokacin ban gane nauyin maganar ba. Muka wuce masallacin unguwar Ochota na haɗa azahar da la'asar, muka ci wani abu kamar ɗanwake mai ciki da suke kira pierogi, na dankali da cuku, don shi ne ba shakka a kansa. Rana ba ta faɗi ba sai wajen takwas da rabi, asuba kuma ta zo tun ban gama juyi na biyu ba. Wanda ya yi azumi a ƙasar nan cikin bazararsu, Allah ya ba shi lada.

Washegari muka tafi gidan tarihin boren Warso, a unguwar Wola. Tsohuwar tashar lantarki ce ta taragon cikin gari, ginin jan bulo, an buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 2004, shekara sittin bayan abin. Ga layi har waje saboda gobe ne zagayowar ranar. Kana shiga za ka ji wani bugu yana fitowa daga wani bangon ƙarfe da ya ratsa benayen, dum, dum, kamar bugun zuciya, kuma ba ya barin ka har ka fita. Ƙasan an shimfiɗa duwatsu irin na tsofaffin tituna. A jikin bango akwai takardun kalanda, kowace rana da tata, kana tafiya kana yage ɗaya kana riƙewa: 1 ga Agusta 1944, 2 ga Agusta, har kwana 63 da boren ya yi.

A taƙaice ga yadda abin ya kasance. Jamus ta riƙe Warso tun 1939. A ƙarshen Yulin 1944 sojojin Sobiyet sun matso daga gabas, ana jin igwarsu daga cikin gari. Rundunar ɓoye ta 'yan ƙasa, Armia Krajowa, wato Rundunar Cikin Gida, mai biyayya ga gwamnatin gudun hijira da ke Landan, ta yanke shawarar ta kori Jamusawa da hannunta kafin Rashawa su iso, don su shigo su tarar da gida da mai shi. Janar Bór-Komorowski ya ba da umarni, aka sa ƙarfe biyar na yamma. Mayaƙa sun kai dubu arba'in ko fiye, amma yawancinsu ba bindiga a hannu. Sun ɗauka abin kwana kaɗan ne. Rashawa kuwa suka ja birki.

Ni dai abin da na zo nema na same shi a wani lungu. Walƙiya ce, ba ta asali ba, kwafinta ne da masu sha'awar rediyo suka sake ƙerawa tare da mutumin da ya yi ta farko, Antoni Zębik. Na daɗe a tsaye. Allon ƙarfe, 'yan mitoci masu allura, maɓallan murɗawa, kwalaben bawul. Ƙarfinta wajen wat 200, wato ba ta kai dutsen guga ci ba. Zębik ya haɗa ta a Częstochowa a 1943, a lokacin da mallakar akwatin rediyo kaɗai ya isa a kashe ɗan Polan, don tun 1939 Jamusawa suka ƙwace rediyoyin mutane, suka kafa lasifikoki a kan tituna suna zuba farfagandarsu. Mutanen gari suka raɗa wa lasifikokin suna, masu haushi. Da bore ya tashi ruwan sama ya jiƙa akwatunan da aka ɗauko na'urar a ciki, sai da aka yi kwanaki ana busarwa ana gyara. Duk wanda ya taɓa kwana a gaban na'urar da ta sha ruwa, shugabanni na tsaye a kansa suna tambayar saura minti nawa, ya san abin da mutanen nan suka ji. Ranar 8 ga Agusta ta yi magana, a gajeren zango, mita 32.8 da 52.1.

Yaron ya ga na ƙi motsawa. "Kawu, wannan akwatin ne ya kawo ka tun daga Jamus?"

"Shi ne. Kai ba ka tashi lokacin da ake kama Landan a mita 16 da mita 19 ba. Kakanka in ya ɗora rediyo a kunne bayan la'asar, ko akuya ba ta isa ta yi kuka a gidan ba."

A nan zan faɗi ra'ayina game da Ward, don ban son a mai da shi waliyyi. Zamansa na farko a Warso dole ce ta sa. Hanyar gabas da ake fatan fitar da shi ta rufe a watan Yunin 1941 da Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet. To amma wanda hanya ta rufe wa yana da zaɓi. Yana iya shiga ɗaki ya ja ƙofa, ya ci tuwon masu gida, ya jira yaƙi ya ƙare, ba kuma wanda zai zarge shi. Shi sai ya fito da abin da ya iya. Ya riƙa sauraron BBC yana kwashe labarai ana bugawa a jaridun ɓoye, ya haɗa na'urori, ya koya wa samari aikin wayar iska. Ka tuna kuma fursunan yaƙi da aka kama cikin kaki yana da 'yar kariya ta doka, wanda aka kama da farin kaya a gaban na'ura ba shi da komai sai bango da harsashi. Shekara uku ya yi a haka, a garin da ake tare titi a kwashe mutane kamar kaji. Mu muna cewa baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya bushe. Wannan hantsi ya yi, azahar ta yi, yana nan.

Da bore ya tashi sai ya zama shi ne idon Ingila a cikin garin. Ya aika rahoto fiye da sittin zuwa Landan, jaridar The Times tana bugawa, ta hanyar tashar ɓoye ta Stefan Korboński, ɗaya daga cikin shugabannin gwagwarmayar farar hula. Dalilin da maganarsa ta yi nauyi ba abin alfahari ba ne ga kowa: abin da 'yan Polan suka faɗa ana iya cewa kukan mai neman taimako ne, Mosko kuma tana ta cewa 'yan tsiraru ne masu neman fitina. Amma ga nasu, sojan Sarki, yana cewa na gani da idona. Ya ba da labarin yadda ake tasa mata da yara a gaban tankokin yaƙi a yi garkuwa da su, da yadda ake kashe majinyata a asibiti, da yadda ake ƙona unguwa gida-gida. Ya yi ta nanata cewa makamai ake buƙata. Rubutunsa ba ado, jimloli gajeru irin na wanda ya saba da saƙon ƙwanƙwasa, inda kowace kalma ƙarin daƙiƙa ce da maƙiyi zai iya gano inda kake.

Unguwar da gidan tarihin yake, Wola, a nan aka yi mafi munin abin. Cikin 'yan kwanaki a farkon Agusta aka kashe farar hula tsakanin dubu 40 zuwa 50, tsoho da jariri. Da muka fito na ga mutane suna shan kofi a ƙarƙashin dogayen benaye na gilashi, yara suna gudu a kan keke. Ban iya cin abincin rana ba.

Ranar 1 ga Agusta na ce wa yaron a ƙasa za mu yi yawo, ba mota. Muka fara da babban gidan waya na titin Świętokrzyska, wanda a da ginin bankin ajiya ne. Daga cikinsa Walƙiya ta fara magana. Na shiga na sayi kan sarki na aika wa ɗiyata kati, don kawai in ce na yi wani abu a wurin. Da ruwan bama-bamai ya yi yawa aka ɗauke na'urar zuwa wani gidan rawa mai suna Adria a titin Moniuszki, 'yan taku kaɗan daga nan, daga baya aka sake gusawa da ita kudu, ta ƙare a ɗakin karatu na titin Koszykowa. Mun bi duka. Tafiyar ba ta fi ta Kantin Kwari zuwa Sabon Gari da komowa ba, a nan na gane ƙanƙantar filin da aka matse mutane dubbai a ciki. Kusa da gidan wayar akwai benen Prudential, wanda ya fi kowane gini tsawo a Warso kafin yaƙi. A ƙarshen Agustan 1944 Jamusawa suka maka masa harsashin wata igwa mai bakin santimita 60, bai faɗi ba. Yau otal ne, mai gadin ƙofa da baƙar kwat.

"Kawu, zo in nuna maka namu," in ji yaron.

Ya ja ni wani ɗan lungu kusa da titin Chmielna, bayan manyan kantuna. Dutse ne madaidaici, an kafa shi a 2019, da sunan August Agboola Browne. Haifaffen Legas ne, 1895, makaɗin ganga a gidajen rawa, ya zo Polan a 1922 ya zauna. A takardar da ya cike wa ƙungiyar tsofaffin mayaƙa a 1949 ya rubuta cewa ya yi yaƙi a boren, a bataliyar Iwo, sunansa na ɓoye Ali. Na karanta na sake karantawa. Ward ko ba komai in ya sa hula ya rufe baki zai saje da jama'a. Wannan bawan Allah fa? A garin da ke hannun masu aƙidar launin fata, ina baƙin mutum zai ɓoye fuskarsa shekara biyar? Shi ma daga baya Ingila ya koma, ya mutu a Landan a 1976. Wani ya ajiye kyandir a gindin dutsen. Yaron ya ce duk ɗan Najeriya da ya zo nan yake kawo shi, ko Bayarabe ko Ibo ko namu, kowa sai ya ce a ɗauke shi hoto.

Wajen huɗu da rabi gari ya fara cika. Tutoci fari da ja, ɗamara a damtse, da wata alama da ke ko'ina, harafin P a kan W, an haɗa su sun yi siffar ƙugiyar jirgin ruwa. Yaron ya ce kada mu kutsa tsakiyar shataletalen Dmowski, don akwai samarin da kishin ƙasarsu ya wuce gona da iri, in sun sha sun yi tatul ba su cika son ganin irinmu ba. Na bi shawararsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka tsaya gefe, kusa da wata tsohuwa da jikarta.

Ƙarfe biyar daidai jiniya ta ɗauka. Ba daga wuri ɗaya ba, daga ko'ina. Taragon lantarki ya tsaya cak a tsakiyar titi, motoci suka tsaya, direbobi suka fito suka ƙame, mai keke ya sauke ƙafa. Jan hayaƙi ya turnuƙe shataletalen har ba a ganin benen da ke tsallake. Minti ɗaya ne, amma na ji tsigar jikina ta tashi. Tsohuwar ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe kafaɗar yarinyar da hannu biyu. Da jiniya ta yi shiru na rasa abin da zan ce, sai na ji bakina yana innalillahi.

Abin ya tuna mini da wani tsoho a unguwarmu, ɗan Barma, da muke tsokana muna yara saboda yana fareti shi kaɗai in ya ji ƙarar jirgi. Yaƙi ɗaya suka yi da Ward, ƙarƙashin Sarki ɗaya. Ko sunansa na yanka ban riƙe ba.

Da daddare a ɗakin yaron muka yi musu, shi da wani abokin zamansa ɗan ƙasar. Saurayin ya ce kakarsa har ta mutu ba ta yafe wa janar-janar ɗin da suka ba da umarnin ba. Mayaƙa wajen dubu 16 suka mutu, farar hula tsakanin dubu 150 zuwa 200, sauran aka kore su daga garin ta sansanin Pruszków, sannan Jamusawa suka bi abin da ya rage suna rusawa da nakiya, har kusan kashi 85 cikin ɗari na Warso ya zama kufai. Duk wannan, in ji shi, kuma a ƙarshe Stalin ne ya ci. Na ce masa to da sun zauna fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan gardamar ta girme shi, kuma za ta binne shi. Ni baƙo ne, ban sa baki da yawa ba. Amma na lura ko shi mai sukar, da ɗamarar fari da ja ya dawo a hannu.

Ya kuma ba ni amsar abin da ya ɗaure mini kai a ranar farko. Bayan yaƙi gwamnatin kwaminisanci ta ɗauki 'yan Rundunar Cikin Gida a matsayin maƙiya. An ɗaure wasu, an kashe wasu, shugabanninsu goma sha shida aka yaudare su aka kai Mosko aka yi musu shari'a a 1945. Korboński, wanda ya riƙa aika saƙonnin Ward, gudun hijira ya yi ya mutu a Amurka. Babban abin tunawa da boren, na dandalin Krasiński, sai 1989 aka buɗe shi. Wato shekara arba'in da biyar mutane suna tunawa a cikin ɗaki da maƙabarta, ginin Stalin yana kallon su.

Ranar ƙarshe da safe muka je dandalin. Gumakan tagulla ne manya, wasu suna fitowa da gudu daga ƙarƙashin gini mai ruftawa, wasu suna sauka rami. Ainihin ramin yana nan kusa a kan titi, murfin magudanar ƙazanta, inda mutane wajen dubu biyar suka bi suka fice daga Tsohon Gari a farkon Satumba, cikin duhu, kowa riƙe da rigar na gabansa. Tsohon Garin kansa da ake ɗaukar hoto a ciki, mai gidaje kala-kala, duk sabon gini ne da aka tayar bayan yaƙi bisa tsofaffin zane-zane. Ban daɗe ba, 'yan yawon buɗe ido sun yi yawa.

Daga nan muka haye kogin Vistula zuwa unguwar Praga. Na tsaya a bakin ruwa na waiwaya. Kogin bai fi a kira mutum a tsallake da ƙarfi ya ji ba, ko kusa da haka. A tsakiyar Satumban 1944 sojojin Sobiyet suna nan inda nake tsaye, suna kallon hayaƙi. An yi yunƙurin hayewa da rundunar 'yan Polan da ke ƙarƙashinsu, aka yi asarar rayuka, ba a sake ba. Taimakon da Ward yake roƙo kuwa daga kudancin Italiya yake tasowa, kusan kilomita 1,300, jirage su zo cikin dare su sauko ƙasa-ƙasa a kan garin da ke ci da wuta, su saki kaya da lema, su juya ba tare da sun sauka ba, don makonni da yawa Stalin ya hana su filayen jirginsa da ke nan kusa. Matuƙan 'yan Polan ne da 'yan Birtaniya da 'yan Afirka ta Kudu. Jirage wajen arba'in ba su koma ba. Amurkawa sun zo sau ɗaya, ranar 18 ga Satumba, da jirage fiye da ɗari, amma daga can sama suka saki kayan, yawanci ya faɗa hannun Jamusawa.

A lambun Skaryszewski, nan Praga, akwai dutsen tunawa da ma'aikatan wani jirgin Liberator na Birtaniya da aka harbo a tsakiyar Agusta ya faɗo a wurin. Margaret Thatcher ce ta buɗe shi a 1988. Na zauna a benci kusa da tafkin. 'Yan rundunarsu ɗaya da Ward, kakinsu ɗaya. Yana ƙasa yana kira, suna sama suna amsawa, kuma bai isa ba. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a tafiyar, ni da na yi rayuwata a kan imanin cewa in dai sigina ta fita, aiki ya yi. Ta fita. An ji shi a Landan, an buga shi a jarida, manya sun karanta.

An harbi Ward a cinya a lokacin boren, Bór-Komorowski ya ba shi lambar jarumta ta Polan. Ranar 2 ga Oktoba aka sa hannu a kan miƙa wuya. Bayan kwana biyu Walƙiya ta yi maganarta ta ƙarshe, shugaban ma'aikatanta ya farfasa ta da guduma don kada ta shiga hannun maƙiyi. Ward ya fita cikin ayarin farar hula, ya sake sulalewa, ya koma wurin 'yan sari-ka-noƙe a yankin Kielce da Częstochowa. Da Rashawa suka iso a farkon 1945 'yan sandan asirinsu suka tsare shi suka yi masa tambayoyi, da ƙyar ya fita ta tashar ruwan Odesa a watan Maris. Ingila ta ba shi lambar Military Cross. Ya rayu shekara hamsin bayan haka, ya mutu a Landan ranar 29 ga Agusta 1995.

Na buɗe jaka na ciro Kchibo, na zare eriya. Mita 32.8, in ka lissafa, ya kama wajen megahaz 9.1, kusa da mita 31 da muke kamawa a gida. Na murɗa a hankali har allura ta zo wurin. Shuuu kawai, da wani ɗan ƙyas-ƙyas, wataƙila wayoyin taragon da ke wucewa a bakin lambun ne. Wani dattijo mai jan kare ya rage tafiya yana kallon rediyon, ya yi murmushi ya faɗi wata magana.

"Me ya ce?"

"Ya ce babansa yana da irinta. Kawu, tashi mu tafi, jirginka ƙarfe biyu ne, kuma ba irin na gida ba ne da zai jira ka."

Na mai da eriya, na sa ta a jaka tare da takardun kalandar nan. Na ƙirga su a cikin jirgi bayan mun wuce Poznań, 61 ne, na tsallake biyu ban sani ba.